Shayi mai kayan ƙamshi: daga turminmu zuwa akwatin asusu



Akwai wani kuɗi da ke fita daga gidajenmu kullum, kuma ba a taɓa rubuta shi cikin littafin kowa ba. Kuɗin shayi ke nan. Dala 20 a teburin mai shayi da safe, ko ƙullin ganye da ƙullin sukari da ɗan gawayi na samarin fada da dare. Ba ya da zafi, don kaɗan-kaɗan yake tafiya. To amma ku ɗauki alli ku buga: dala 20 kowace rana, a wata guda jika 3 ke nan, a shekara jika 36 da rabi. Macen da ke zuba dala 50 kowane mako a asusu, zubinta na shekara duka jika 13 ne. Ɗan hakin da ka raina, in ji manya, shi ke tsone maka ido.

Ba cewa muke a bar shan shayi ba. Wa zai iya hana dattijon Tamaske butarsa da sanyin asuba? Tambayarmu ita ce: cikin wannan kuɗi, wane kashi ne zai iya tsayawa a hannunmu? Ganyen dai ba namu ba ne. Koren ganyen da ake dafawa sau uku a ƙananan kofuna daga ƙasar Sin yake zuwa, ya ratso Maroko da hamada tun zamanin kakanni, Abzinawa sunka yaɗa shi har ya zama na kowa. Baƙin ganyen da muke kira Lipton, ko wane kamfani ne ya yi shi, ana nomansa a ƙasashe irin su Kenya da Indiya. Sukari ma saye muke yi. Abin da ya rage shi ne aikin hannu: zaɓen kayan ƙamshi, daka, tankaɗe, haɗi, dafuwa da sayarwa. Wannan kuwa aikin da muka iya ne tun muna ƴan mata, sai dai yawancinmu ba mu taɓa sa masa farashi ba.

Kayan da ke shiga turmi

Citta mai yatsu ita ce uwar tafiya. Wadda muke saye a kasuwanninmu mafi yawa daga kudancin Kaduna take fitowa, wajen Kachiya da kewayenta, ta biyo ta Sakkwato da Birnin Ƙonni ko ta Maraɗi. Duk wadda ke sayen kayan yaji ta tuna abin da ya faru a 2023: cuta ta faɗa wa gonakin citta a can da damina, manoma sunka yi babbar asara, ga shi kuma iyaka ta rufe daga Agusta na shekarar har zuwa Maris 2024. Citta ta yi tsadar da ba mu saba gani ba. Darasin a nan shi ne ƙungiyar da za ta yi wannan sana'a ta sayi cittarta da ɗari, lokacin da sabuwar busasshiya ke shigowa kasuwa, ta ajiye a wuri mai iska. In za ki saya ki karya guda ki gani. Mai kyau tana karyewa ƙas, cikinta fari-fari ko rawaya, ƙamshinta ya bugi hanci. Wadda ta yi laushi, ko ta yi baƙi-baƙi, ko tana warin hunhuna, ki bar wa mai ita ko da kyauta ya ba ki. Tafasa ba ta kashe dafin da hunhuna ke bari a cikin abinci.

Kanumfari kaɗan ake sa shi. In ya yi yawa sai harshe ya mutu, mai sha ya ji kamar maganin haƙori anka ba shi. Masoro yana ba da zafin da ke sauka har maƙogwaro. Kimba kuwa ɓawonta ake so, ƴaƴan cikinta ɗaci gare su, don haka a fasa ta a cire su kafin a daka. Girfa tana da tsada amma ita ke sa shayi ya yi ƙamshin gidan biki. Na'a-na'a ba ta shiga turmi, ɗanye ake jefa ta cikin kofi a ƙarshe.

Haɗin da muke yi shi ne: garin citta babban cokali 10, girfa 2, kanumfari 2, ɓawon kimba 2, masoro 1. Kowanne a daka shi daban a tankaɗe, sannan a haɗa. Turmin kuma ya zama ba wanda anka daka barkono ko daddawa a ciki ba, in ba haka ba shayinki zai fito da ɗanɗanon miyar kuka. Wasu ƙungiyoyi sun fi son masoro ya ƙaru, wasu ba sa son kimba sam. Ba laifi. Abin da muke roƙo kawai shi ne in kun tsayar da naku awo, sakatariya ta rubuta shi a littafi. Mai saye yana dawowa ne don abin da ya sha jiya shi zai sha yau.

Gari, ruwan zaƙi, da shayin yini guda

Daga wannan haɗi ana iya yin abu uku, kuma ba daidai suke daɗewa ba. Nan ne ya kamata mu tsaya da kyau, don nan ne kuɗin bashi ke iya narkewa.

Na farko shi ne garin kansa. In ya bushe sarai, anka zuba shi a gwangwani ko kwalba mai murfi, anka ajiye shi inda rana da laima ba sa kai, yana yin watanni. Ƙamshin ne kawai ke raguwa a hankali. Ƙungiyar da ke ƙauye mai nisa da kwalta, wadda ba ta zuwa kasuwa sai mako-mako, mu a ganinmu ta tsaya nan. Babu abin da zai lalace mata.

Na biyu shi ne ruwan zaƙi mai kauri, wanda babu ganyen shayi a cikinsa. A sa ruwa lita guda a tukunya mai tsabta, a zuba garin haɗi babban cokali 5, a bar shi yana tafasa a hankali, ba da wuta mai ƙarfi ba, har ruwan ya koma kusan rabi. A sauke a tace da farin ƙyalle sau biyu, don garin da ya tsere cikin ruwa shi ke fara jawo lalacewa. A mayar da rabin litar nan kan wuta, a zuba sukari kilo guda cur, a yi ta motsawa har ya narke duka ya sake tafasa. Zai ba ki lita guda da ɗan ɗori, mai yauƙi kamar zuma. Babban cokali guda cikin kofin baƙin shayi mai zafi ya isa, ba a ƙara sukari, ba a ƙara komai. Kwalbar nan za ta yi kofi wajen 70.

Za ku ce kilo guda a rabin lita, ai ya yi yawa. Da gangan ne. Sukarin ne ke riƙe ruwan har ƙananan ƙwayoyin da ke sa abu ya yi tsami su rasa abin sha, kamar yadda zuma ke shekara a kwalba ba ta ɓaci. Wadda ta rage sukari don ta yi tsimi, ta yi ruwan zaƙin da zai fara kumfa kafin kwana 3. Ko da anka yi shi daidai, mu da ba mu da firji, a watannin bazara da zafi ke wuce digiri 40, kada kwalba ta wuce mako guda. A binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. A zuba daga kwalba zuwa cokali, kada a tsoma cokali ciki. In kin buɗe murfi kin ji ya yi huci, ko kin ga kumfa, ko wani fari-fari yana yawo a sama, ko warin tsami, ki zubar. Kada a ce bari a sake tafasawa a sayar wa ƴan kasuwa baƙi da ba za su dawo ba. Ɗan wani ne zai sha.

Na uku shi ne shayin da anka riga anka dafa da ganye, mai ƙarfi, wanda za a riƙa tsinkawa da ruwan zafi. Ganyen a ƙarshe ake sa shi, minti 4 ko 5 a sauke, don in ya daɗe kan wuta ɗaci yake yi. Wannan na yini guda ne. An yi da safe, a cikin filas yake zama, in rana ta faɗi abin da ya rage na gida ne. Madara kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin ukun nan. A kofi ake zuba ta, lokacin sha.

Sai maganar kwalba, wadda muke so kowace shugaba ta maimaita a taro. Yankinmu yankin albasa ne, gidaje da yawa akwai robobin maganin feshi da anka gama da su. Ga kuma kwalaben da ake sayar da man fetur a bakin hanya. Waɗannan ko sau goma anka wanke su da sabulu, abinci ba ya shiga cikinsu. A nemi kwalbar gilashi da anka san abin sha ne ya fito daga cikinta, a wanke, a dafa ta cikin ruwa minti 10 tare da murfinta, a kife ta ta bushe. A zuba ruwan zaƙin da sauran zafinsa, kwalbar ma tana da ɗumi don kada ta fashe. A liƙa ƴar takarda a rubuta ranar da anka yi. Ga amfanin karatun yaƙi da jahilci da munka zauna munka yi a ƙarƙashin rumfa.

Akwai wata riba da ba ta fitowa a lissafin kuɗi nan take, ita ce itace. Citta da kimba sai sun daɗe kan wuta suke sakin ƙarfinsu. In kowace safiya sai an yi wannan doguwar dafuwa, itacen mako guda ba kaɗan ba ne. Da ruwan zaƙi, dafuwa guda ce a mako, sauran kwanakin ruwa kawai za a tafasa. Mu mutanen Keita da Buza mun san darajar icce fiye da kowa. Iyayenmu mata ne sunka ɗauki duwatsu a ka, sunka haƙa ramuka, sunka dasa miliyoyin itatuwa a aikin raya karkara na Keita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya. Layukan dogon yaro da ke tare iska a kwarin Majiya kuwa tun 1975 anka fara dasa su. Ba don a ƙone su a ƙarƙashin butar shayi anka sha wannan wahala ba.

Lissafi kafin bashi

Tun da CARE ta kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara na farko a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe tsarin har ya bazu zuwa wasu ƙasashe shi ne kowace dala ana ƙirga ta a gaban kowa. Haka za mu yi wa shayi. Ga misali, kowace ƙungiya ta cire waɗannan lambobi ta sa farashin kasuwarta. A ce sukari kilo guda dala 160, kayan ƙamshi dala 60, ganyen da zai yi kofi 70 dala 140, itace ko gawayi dala 60. Jimla dala 420. In an raba da 70, kowane kofi ya ci dala 6 kafin ya kai bakin mai sha. An sayar dala 10, riba dala 4 a kofi, kwalba guda ta kawo dala 280. Wannan in an sayar da duka ke nan, ba wanda ya zube, ba wanda maigida ya sha ya ce a rubuta.

Ba kowace mace ce za ta iya kafa tebur a tasha ba, kuma ba dole ba ne. Mai shayin unguwa shi ne babban mai sayenmu in mun iya magana da shi. Da yawansu ƙullin citta suke saye a kanti kullum, da tsada. A kai masa ɗanɗano kyauta sau guda, a bar shi ya ji abin da masu zama bencinsa za su ce. Akwai gidan suna da gidan biki, inda ake son shayin mutum 50 a lokaci guda. Akwai watan azumi. Akwai lokacin cirar albasa, Maris da Afrilu, da ƴan dako da direbobin manyan motoci ke cika Madawa da Galmi suna lodin buhuna zuwa Gana da Abijan, mutanen da ke kwana a farke suna neman abu mai zafi. Garin haɗi kuma yana shiga jakar mai tafiya ci-rani ba ya lalacewa, tsaraba ce da za a iya sayar wa matan da mazajensu ke shirin tafiya bayan girbi.

Shawararmu ga ƙungiyar da za ta fara: kada bashin farko ya wuce abin da zai yi kwalba biyu da gari tiya rabi. In ya ƙare an sake yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sa'ar rangwame

A manyan biranen Amurka da Turai, gidajen abinci suna da wata dabara da suke kira sa'ar farin ciki. Da yamma, bayan an tashi daga aiki amma lokacin cin abincin dare bai yi ba, kujeru babu kowa, ma'aikata suna zaune, haya tana tafiya. Sai mai gidan ya sa allo ya ce daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza an rage farashi. A can yawanci kan giya ake yin haka, wannan ba namu ba ne. Dabarar lokacin ce muke so mu duba.

Mu ma muna rage farashi, amma na dole. Mai nono in la'asar ta yi sanyi, mai tumatir in kasuwa ta fara watsewa, mai waina da ta ga sauran ba za su kwana ba. Masu saye sun san haka, shi ya sa wasu ke laɓewa sai yamma. Bambancin shi ne mai gidan abincin can shi ya zaɓi lokacin, shi ya zaɓi abin da zai rage, kuma ya buga lissafinsa tun kafin ya rubuta allo.

Shayi yana tafiya da safe da kuma bayan magariba. Tsakanin azahar da la'asar kuwa wuta tana ci a banza. In mai sayarwa tana so ta jawo mutane a wannan lokaci, ga inda tarkon yake. Kofin da ya ci dala 6, in kin ce rabin kuɗi, dala 5 ke nan, kowane kofi da kin miƙa kin yi asarar dala guda, kuma yawan masu saye yawan asara. Ga shi ƙananan kuɗi irin dala 1 da dala 2 sun yi wuya a hannu, ba ki da canjin da za ki sayar dala 8. Abin da zai yiwu shi ne kofi 3 a dala 25. Sun ci miki dala 18, kin samu 7. Bai kai 12 da za ki samu da safe ba, amma mutum uku ne da da ba za su zo ba, kuma guda ne ya jawo biyu. Ko kuma a bar farashi yadda yake a yi gyara, abin da munka gada: ƙosai guda a kan kowane kofi, in ƴar ƙungiya mai ƙosai ta yarda a haɗa ciniki.

Lokacin kuma ya zama yana da farko yana da ƙarshe. An kira la'asar, an koma dala 10, ko wane ne ya zo. In kin sassauta wa mutum guda, gobe masu shan safe za su dawo azahar, ki wayi gari kin karya wa kanki farashi da hannunki. A gwada kasuwa 4 a jere, ana rubuta kofi nawa anka sayar da safe, nawa a sa'ar rangwame. In na safe ya ragu, a bari.

To mu fa, yaushe za mu sha?

Mace ba ta zama a bencin mai shayi a garuruwanmu, kowa ya sani. Mu ke daka, mu ke ɗebo ruwa, mu ke wanke kofuna, shan kuwa sai a tsaye a bakin murhu in an samu. Amma muna da wurin zamanmu da ba wanda zai ce don me: taron asusu. Bayan an ƙirga zubi, an biya tara, an rufe akwati, masu makulli sun ɗaure makullansu a bakin zane, rabin awa ba za ta hana tuwon dare ba. Kowace ta sa dala 5 a kwano daban, ba daga akwati ba, ba daga kuɗin taimako ba. Wadda ke da juyin dafawa a makon ta zo da kwalbarta. Nan ne za a gane ko kanumfari ya yi yawa kafin mai saye ya faɗa mana a kasuwa. Nan ne kuma wadda ba ta iya buɗe baki lokacin lissafi take faɗin abin da ke damunta, ko ɗanta da ya tafi Libiya bai kira ba, ko akuyarta ba ta da lafiya.

Sai dai a kula da abu biyu a wannan zama. Shayi, kore ko baƙi, in an sha shi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Mai ciki da mai jego, waɗanda dama ƙarancin jini ke damu, su bar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi, kuma ƙwayar ƙarin jini da ake ba su wurin awo da ruwa ake haɗiye ta, ba da shayi ba. Su za a iya zuba musu ruwan zaƙin cikin ruwan zafi kawai, babu ganye, a matsa lemun tsami. Jariri da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai, ko ɗigo kada kaka ta ɗiga masa don ta ga yana kallo.

Na biyu sukari ne. Babban cokalin ruwan zaƙin nan yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, har da na cikin kunu da fura da lemo. Kofi 4 ya cinye rabon yini duka. Iyayenmu masu ciwon sukari a dafa musu da garin haɗi kai tsaye, a ƴar buta daban, kada a taɓa kwalbar.

Ƙungiyar da ta gwada, ta ba wakiliyarta takarda da awon haɗinta da lissafin kasuwa 4, ko riba ce ko faɗuwa, mu buga a fitowa ta gaba. Muna son jin na Tamaske da na Bangi musamman, don farashin citta a wurarensu ba ɗaya ba ne.